Eriyar da matan garin suka zaɓa

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya daga Gezawa, ni da babban ɗana. Ƙauyen da 'yata take aure muka nufa, can gaba da Makoɗa. Cikinta ya tsufa, garin kuma babu sabis na waya. Ɗana da mijinta suna cikin masu sha'awar rediyon oba-oba, har da lasisinsu. Su suka shirya kafa rifita, wato na'urar da take karɓar magana ta sake cilla ta nesa, don in haihuwa ta zo da gardama a iya kiran mota.

Eriya biyu ɗana ya ɗauko. Ɗaya mai haƙora kamar ƙashin kifi, ɗaya miƙaƙƙiya kamar gora. Kwandasta ya ce sai an biya musu kujera, tunda sun fi shi tsawo. Da ƙyar aka ɗaure su a saman bas.

Hanya ta yi kyau a ido. Gero ya fid da kai, gyaɗa ta rufe ƙasa, gona na jikin gona. A Makoɗa muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa ne kawai ya girma. Daga nan sai babur, ina riƙe da gorar nan a kafaɗa, yara suna nuna mu.

A garin babu abin da ya kai tankin ruwa tsawo, don haka a kansa za a kafa eriyar, amma duk wanda ya hau shi yana ganin tsakar gidajen mutane. Al'adarsu, namiji ba ya hawa sama sai an yi shela mata sun shige ɗaki. Mai unguwa ya ce, "Hajiya, wannan maganar ta mata ce, shiga ki ji ta bakinsu."

Na shiga na yi musu bayani yadda ɗana ya koya mini. Mai haƙoran ta fi cin nisa, amma gefe ɗaya take ji, in iska ta juya ta sai an hau an gyara. Miƙaƙƙiyar tana ji ta ko'ina, ba ta kai waccan nisa ba, amma in an ɗaure shi ke nan.

Wata tsohuwa ta ajiye tabarya ta ce, "Wato duk iskar da ta kaɗa mu bar daka mu ɓuya? A kafa gorar!"

Ɗana bai so ba, don yana tsoron maganar ba za ta kai Gezawa ba. Na ce masa motar muke nema, ba hira ba. A ƙasa shi da mijin 'yata suka yi duk aikin. Suka riƙa rage tsawonta kaɗan-kaɗan suna aunawa, suka ƙara mata bututun ƙarfe don ta ɗaga, suka ja waya zuwa ƙasa saboda tsawa. Aka yi shela, suka hau, suka sauko. Da aka gwada, wani direba da muka bar wa oba-oba a Makoɗa ya amsa tar, kamar yana zaure.

Ana kiran magariba muka iso gida. Ɗana ya kunna tasa oba-obar. Sai shuuu, sannan muryar 'yata can ƙasa-ƙasa, tana yankewa: "Inna, kun sauka lafiya?"

Abin da na koyo, eriya ba a zaɓenta a kanti, sai ka je ka ga gidajen da za ta tsaya a kansu. Yanzu ko yau naƙuda ta tashi, akwai mai ji.