Manajan da Ya Raina Daji

Jiya wani ya kaɗa makullai, sai na tuna manajanmu, dattijon da nake tuƙawa da akwatin kuɗin banki daga Kaduna. Haka yake kaɗa nasa, yana cewa, "Shekara tara, ko ɓera bai tare ni ba."

Wata rana wani makiyayi ya tsayar da mu a bakin dajin Birnin Gwari. "Ranka ya daɗe, na ga sawun baƙi. Ku jira 'yan sanda."

Manaja ya ce, "Direba, mu je."

Dajin tsit, ko kukan tsuntsu babu. Muka wuce lafiya, daga ranar manaja ya daina neman rakiyar 'yan sanda. Da damina, ina kwance da zazzaɓi, ya tafi da wani direba. Motar kaɗai aka samu.

Allah ya jiƙansa, duk inda ƙasa ta rufe shi.