Durowar Ummi

Har gobe ban manta da ranar da wata Hajiya daga Maraɗi ta nemi shayi a hannuna na kasa ba ta ba. Ku da kuka shigo harkar lodi daga baya kuna ganina a bakin sito ina yi muku faɗa, kuna cewa mutumin nan ɗaci gare shi. To ku ji inda abin ya faro.

Shekarar wasannin Olamfik ce, 2008, ina da shekara shida a Guangzhou. Aikina lodin kwantena. Ga wanda bai sani ba, ɗan kasuwa kuɗin fili yake biya a kwantena, don haka duk ramin da aka bari babu kaya, iska ya ɗauko wa jirgi. Ni kuwa ba na barin rami. Safa cikin takalmi, takalmi cikin bokiti, bokiti cikin firji. Daga sitocin Liuhua har tashar jiragen ruwa ta Nansha, Sani Ba-Iska ake ce mini. A aji biyu na sakandare na tsaya, amma sau nawa masu digiri suka buga kwamfuta suka ce kaya ba zai shiga ba, na shigar, na tura ƙofa da hannu ɗaya.

A shekarar biza ta yi wuya. Wanda ba shi da takardar kamfani mai nuna yana yi musu aiki, sai ya haɗa kayansa. Tawa saura sati uku ta ƙare. Ni kuma ban shirya komawa Kano ba, don ginin da na fara ko linta bai kai ba, kuma na san bakin 'yan unguwarmu.

Ana haka wani ɗan Chana mai masana'anta a hanyar Nansha ya aiko a kira ni. Lawban muke ce masa, wato maigida. Tirelar tafi-da-gidanka yake ƙerawa yana tura wa Turawan Ostareliya. Akwati ce mai taya biyu da ake ja da mota, tsayinta iya ƙirjina. In an tsaya sai a juya wani hannu, rufin ya tashi sama, tamfol ya miƙe ya zama bango, gado biyu su zaro ta gaba da ta baya. Ɗaki sosai, har da risho da ɗan wurin wanke kwano. In za a tafi a sake naɗe shi ya koma akwati.

Wadda take son saye ita ce Hajiya Mariama, 'yar kasuwar atamfa. Duk hutu suna tafiya Agadas ita da mijinta da 'ya'ya uku don gaida uwar miji, ta gaji da kwana a masaukin hanya. Sharaɗinta ɗaya: kayan gidanta su shiga, rufi ya rufe. Ma'aikatan Lawban sun gwada, sai meyo, meyo, wato babu wuri.

Lawban ya ce mini da guntun Turancinsa, "In ta saya, wasu daga Yamai za su biyo. Ka sa ta saya, in rubuta maka takarda."

Hajiya ta miƙo mini jerin kaya. Tukwane huɗu, muciya, turmi da taɓarya, buta biyu, darduma biyar, buhun shinkafa, jarkar ruwa, kayan shayi, suturar mutum biyar.

Na ce, "Hajiya, har da turmi?"

Ta ce, "Malam Sani, da mi zan daka yaji? Da haƙori?"

Na aro turmi da tukwane a wajen wata mai tuwo 'yar garinmu, sauran na haɗa a kasuwa. Cikin awa biyu na gama. Cokula cikin buta, buta cikin turmi, turmi a kife da darduma kewaye da shi, kayan shayi can ƙuryar gaba inda na ga rami daidai su. Rufi ya sauka, ya kulle da kansa. Lawban ya yi tafi.

Washegari Hajiya ta zo. Ta zagaya tirelar sau ɗaya, ta jawo kujera ta zauna, ta ce, "To, mun iso garin Tawa, rana ta yi, maigida ya gaji. Ba ni shayi."

Na ɗaga rufi. Kafin in kai ga kayan shayi sai na fitar da buhun shinkafa. Kafin buhun, jarka. Kafin jarka, turmi. Tana zaune tana fifita da mayafi, ni ina zuba gumi, kaya sun cika tsakar masana'anta. Da na zaro tukunyar shayin, sukari kuma yana cikin takalmin wani yaro a ɗaya gefen.

Ta ce, "An ce mini sunanka Ba-Iska. Gaskiya ne. To mu a ina za mu yi numfashi? Gida na ce ka shirya mini, ka loda mini kwantena."

Ta ba ni kwana uku, don rana ta huɗu jirginta zai tashi. Lawban ya mai da biron da ya fito da shi aljihu.

Na kwashe komai, na shiga tirelar ni kaɗai na zauna a bakin gado. Damina ce, ruwan Guangzhou ya sauko bayan azahar yana kaɗa tamfol, hasken ciki ya koma ruwan ƙasa-ƙasa kamar cikin rumfa. Na ce wa kaina, wannan aiki ba zai yiwu da awo ba, sai an sa mutane a ciki. Mutanen Hajiya ban san su ba. Sai na sa nawa.

Na ɗora mu a hanyar Jos, wadda na taɓa bi sau ɗaya a bayan babbar mota ina saurayi. Ni ke tuƙi, ni da ko keke ban mallaka ba. Matata Maman Ummi tana gefena tana ɓare gyaɗa tana zuba mini a tafi. 'Ya'yana Abba da Ummi suna baya suna faɗa a kan taga. Mun wuce Tudun Wada, mun shiga dajin Falgore, ganye ya yi kore shar, na sauka daga kwalta na tsaya ƙarƙashin wata ɗorawa.

To me za a fara nema? La'asar ta yi. Buta da darduma. Ba wanda zai tsaya juya rufi kafin ya yi alwala. Na tashi na sa su a ɗan akwatin da ke bakin ƙofa, wanda ake buɗewa ta waje ko tirela tana naɗe. Kayan shayi na sa musu kwando ɗaya a gefensu, sukari da ganye da kofuna duk tare, hannu ɗaya ya ɗauko.

Na koma na zauna. Maman Ummi ta ɗaura zani ta ce ina muciyata. Durowoyin Turawa gajeru ne, muciya ba ta shiga, balle taɓarya. Sai na ga wani dogon bututu a ƙarƙashin tirelar ta baya. Na tambayi Lawban, ya ce na sandar kamun kifi ne. Na zura taɓarya, na bi ta da muciya, kamar don su aka yi shi. Na yi dariya ni kaɗai, na ji kamar ita ma tana yi, irin dariyarta da take rufe baki da gefen mayafi.

Masu nauyi, turmi da shinkafa da jarka, na sa su ƙarƙashin kujera daidai saman tayoyi, don in nauyi ya koma baya tirela rawa take yi a kan hanya. Tukwane na jera ƙarama cikin babba da tsumma a tsakani, saboda Maman Ummi ba ta son ƙarar kwano. Sutura kowa da jakarsa mai laushi, ba akwati ba, don jaka tana kwanciya in rufi ya sauko. Na sa aka ɗinka labule tsakanin gadon manya da na yara. Tsakiyar ɗakin kuwa na bar shi fayau. Hannuna har ƙaiƙayi yake yi, don wurin zai ci katan shida. Amma nan Abba yake kwance rub da ciki yana zane, nan ake shimfiɗa ledar cin abinci.

Kwana biyu ina wannan tafiya. Na kai mu Jos, sanyin safe ya sa yara sun ƙudundune, hazo yana kan duwatsu, ƙamshin ƙosai yana fita ta ragar taga. Ma'aikata suna leƙowa su ga baƙin mutum zaune yana magana shi kaɗai, su koma. Ban damu ba. Tun da na zo ƙasar ban zauna da iyalina kamar a wannan kwana biyun ba.

Rana ta uku na sa kafinta ya ƙara mini wata 'yar durowa a ƙasa, iya gwiwata, da mariƙi mai faɗi wanda ƙaramin hannu zai iya ja. Ummi tana son ta buɗe abu da kanta, in an taya ta sai kuka. Na sa ɗan kofi da 'yar tsana a ciki.

Hajiya ta dawo da hantsi. Ba ta ko zauna ba ta ce, "Shayi."

Ban taɓa rufi ba. Na buɗe akwatin ƙofa, na ɗauko kwando, na kunna ƙaramin risho a ƙasa. Kafin ta gama gaisawa da Lawban ruwa ya fara motsi.

"Muciya."

Na zaro ta daga bututun kifi. Ta dubi bututun, ta dube ni, ta ce, "Ashe Nasara ma sun san tuwo, ɓoyewa suke yi."

Aka ɗaga rufi ta shiga. Ta tsaya a tsakiya ta buɗe hannuwa ta juya, ba abin da ta taɓa. Ta ja labule ta mayar. Ta buɗe nan, ta buɗe can, tana gyaɗa kai. Sai ƙafarta ta bugi 'yar durowar. Ta sunkuya da ƙyar ta jawo, ta ɗago 'yar tsanar.

"Wannan hwa, na wa ne?"

"Na ƙaramar ne, Hajiya. Don ta iya buɗewa da kanta."

"Wace ƙarama? Autata shekararta tara, ta kusa kai mini kafaɗa. Wannan ai na ɗiya 'yar shekara uku ne."

Na ce, "Tawa na auna."

"Shekararta nawa?"

Na buɗe baki zan ce uku. Sai na tsaya. Uku take da na bar ta a soro tana riƙe da ƙafar wandona. Na ƙara shida a kai. Na ce, "Tara."

Hajiya ta sake sunkuyawa. Ta mai da 'yar tsanar, ta tura durowar a hankali da ƙafa. Ta ce, "A bar ta, ma zuba takalma." Ta juya wajen Lawban ta ce ta saya. Da za ta shiga mota ta kira ni gefe, ta rage murya ta ce, "Malam Sani, ka tahi gida ka sake awo."

A ranar Lawban ya rubuta takardar, ya buga mata jan hatimi, ya ce shiye-shiye, wato na gode, har sau uku. Na riƙe ta a cikin bas har Liuhua, maganar Hajiya tana kunnena. Na ce bari dai a zuba linta. Aka zuba, na ce bari a yi rufi. Na ƙara shekara bakwai. Tirela goma sha ɗaya na shirya wa iyalan wasu, kowace da buta a bakin ƙofa, kowa yana yabo.

Ranar da na dawo Kano, na riga na ga hotunan Ummi a waya ba iyaka, na san ta fi uwarta tsawo. Amma da na sa ƙafa a soro, ƙasa idona ya tafi, wajen gwiwa. Sai na ji murya daga sama tana cewa, "Sannu da zuwa, Baba," da ladabin da ake yi wa baƙo. Ginin yana nan, ɗaki biyar, har da tayil. Jos kuwa ba mu je ba. Yanzu Abba yana aiki a Legas, Ummi tana koyar da yara, Maman Ummi ƙafa ta hana ta doguwar tafiya.

Abin da aikin nan ya koya mini kaɗan ne. In kwantena ce, ku kashe iska, shi ake biyan ku. In wuri ne da mutum zai zauna, ku fara tambayar me hannunsa zai fara nema, ku sa shi a bakin ƙofa, ku bar tsakiya ko hannunku yana ƙaiƙayi. Mu masu lodi mun iya sama wa komai wuri, shi ya sa muke ɗauka abin da muka ajiye zai tsaya yadda muka bar shi. Katan ne kawai yake haka. Kai da na ji jiya kana cewa sai ka ƙara shekara biyu a can kafin ka leƙo gida, ɗanka nawa ne tsawonsa? Kada ka nuna mini da hannu. Na san inda za ka nuna.