Tafintar da Ba Ta Rage Magana

Ranar Talata, 14 ga watan Mayu, ina tsakar gida a Tirmini ina gyaran irin gero, ƙanena Garba ya kira ni daga Damagaram ya ce Allah ya karɓi ran Malama Lubabatu Habu da hantsi, a gidanta da ke unguwar Garin Malam. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Na ajiye faifan, ban sake ɗaukar sa ba sai da rana ta juya.

Malama, waɗanda kika koya wa Ingilishi a kolej shekara ashirin da bakwai za su rubuta abin da ya fi nawa kyau. Ni Zainaba a aji shida na bar lakwal. Amma akwai abin da ya shiga tsakanina da ke wanda su ba su sani ba.

Shekara tara ke nan da maƙoƙo ya fito wa ƴata Balki, ya girma har ya fara danne mata numfashi. Mahaifinta ya rasu, shawara ta rage a kaina. Muka ji wasu likitoci baƙi sun zo birni suna aiki, ba sa jin Hausa, ba sa jin Faransanci. Lokacin hutu ne, kika zo kina yi musu tafinta don Allah. Matan da ke kan benci suka ce min in yi addu'a kada in faɗa hannunki, wai ɗaya tafintan ya fi daɗin baki, kome likita ya faɗa sai ya ce ba kome, da ikon Allah. Ke kuwa ba ki rage magana.

A hannunki muka faɗa. Likita ya daɗe yana bayani, kika juya mana shi duka. Kika ce in ba a yi aikin ba numfashin zai ci gaba da tsukewa. In an yi, yawanci ana samun lafiya, amma akwai wadda muryarta ke dusashewa, akwai ma wadda ba ta tashi. Na ce, "Ashe caca zan yi da ran ƴata?"

Kika karɓi katin Balki, kika rubuta kalmomi uku a bayansa: gamble, guess, risk. Kika ce ta farko ita ce cacar da nake nufi, a rufe ido a jefa. Ta biyu kintace ne, mutum ya faɗi abin da bai tabbatar ba. Ta uku kasada ce wadda aka auna, an san abin da za a iya samu, an san abin da za a iya rasawa. Kika ce likitan ta ukun ya faɗa game da aikin. Da na tambayi kwana nawa za ta yi a kwance, sai ya faɗi ta biyun, kika ce kada in riƙe adadin da ƙarfi.

Ban gane sosai ba. Sai kika ce, "Zainaba, kina yin binne?" Na ce kowace shekara nake zuba iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwa. "Kin san ruwan zai zo?" Na ce ban sani ba, amma ina duba gabas, ina duba zuwan shamuwa. Kika ce, "To shi ma likitan ya duba. Kuma irin da aka bari a rumbu ba ya tsira." Na nemi ki zaɓar min, kika ƙi. Da hannuna na rubuta sunana a takardar.

Balki ta tashi, numfashinta ya dawo. Muryarta ce ba ta dawo ba. Yarinyar da ake jin kiranta daga bakin rijiya ta koma sai an matso kusa ake jin ta. Na ɗora miki laifin. Sau biyu kika hau mota kika zo Tirmini duba ta, na ba ki ruwa ban haɗa ido da ke ba. Kika zauna kan tabarma da Balki, kina sunkuyar da kunnenki kusa da bakinta, kuna dariya. Ba ki taɓa ce min ai na faɗa miki ba.

Sai da na yi fiye da shekara kafin na yarda cewa ba abin da ya same mu wanda ba ki ambata ba tun a ɗakin likita. Na koma ina gaishe ki, ina kai miki zogale da gyaɗa, kina karɓa kamar ba a yi kome ba. Ni ma na yi kamar ba a yi ba. Watan jiya da na zo gaishe ki a kan gadon ciwo, maganar na bakina, na ga ɗakin cike da mutane, na ce wa raina sai wani zuwan. Na ɗauka akwai sauran lokaci.

To ga shi ina faɗa inda ƴaƴanki za su karanta: na zalunce ki da fushina, Malama. Suma'ila, Nafisa, ku yafe min a madadin mahaifiyarku. Balki na da ƴaƴa biyu yanzu, da wannan ƙaramar muryar take musu waƙa, kuma suna ji.

Allah ya jiƙan ki, Malama Lubabatu, ya yalwata kabarinki, ya sa gaskiyar da kika riƙa faɗa wa marasa lafiya ta tsaya miki ranar hisabi. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki Alhaji Mahamud, da ƴaƴanki, da ɗalibanki, da mutanen Garin Malam baki ɗaya. Allah ya ba mu haƙuri, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.