Rairayin Bakin Rijiya

Ɗana na fari ya kusa shekara biyu bai san ubansa ba. Ba wai uban ya tafi ci-rani ƙasar waje ba kamar mazan unguwarmu da yawa. A'a, mushe ne, wato malamin boko, yana koyarwa a wata lakwal, makarantar ƙauye, can wajen Gangara, kuma duk Juma'a da la'asar motonsa na tsayawa a ƙofar gidanmu a Tanut. Da yaron ya ji ƙarar sai ya watsar da abin da yake yi, ya ruga ya shige bayan kakarsa, ya riƙe zanenta yana leƙe da ido ɗaya. In aka tambaye shi wa ya zo, sai ya ce "moto". Sunan da ya sa wa ubansa ke nan.

Uban kuwa zai shigo da sallama, ya gai da ƙanin mahaifinsa a zaure, ya tuɓe takalmi ya durƙusa gaban mahaifiyarsa, ya tambayi lafiyar kowa har awaki, amma ko kallon inda yaron yake ba zai yi ba. Ba ƙi ba ne, kunya ce. A gidan mijina ɗan fari ba naka ba ne. Ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa gaban manya, in ya faɗi ka kau da kai wani ya ɗaga shi. Mu ma a Damagaram inda aka haife ni muna yi, amma tamu ta birni ce, ta yi sanyi, iyaka dai a ɓoye suna. Su kuwa manoman nan Damargu, ƙasar su mijina, da gaske suke. Inna, uwar mijina, shi kansa mai gidan nawa ɗanta ne na fari, ga shi da gemu har ƙirji, amma ban taɓa jin ta yi masa magana kai tsaye ba. Yana durƙushe gabanta za ta juyo wajena ta ce, "Ke, a ba wancan ruwa."

Da aka yaye yaron sai ya koma kwana ɗakin Inna, kamar yadda ake yi. Ta mai da shi mijinta na wasa, kullum tana masa gori wai miji ne marar cefane. Ni tawa da sauƙi, na goye shi, na shayar da shi, ya san ni ko ban kira shi ba. Uban fa? Asabar da Lahadi ne kaɗai nasa, kuma cikin gida cike da ido.

Bazarar shekarar nan ta zo da zafi na fitar hankali. Da hantsi ya ɗaga ba mai taka tsakar gida ba takalmi. Kuran, wato wutar lantarki, ya zo ya tafi yadda ya ga dama, fanka ta tsaya tana kallonka. Ruwa kuwa sai an jira ƴan ga-ruwa da bidonsu, wato jarkoki, a kan amalanke, don haka ba a wasa da shi. Dabarar da muke yi wa yara ita ce, ruwan da aka ɗauraye tufafi da shi mu juye cikin babbar roba a ƙarƙashin rumfa, mu ba su ludayi da murfin kwano, su yi ta facal-facal har rana ta yi sanyi. In sun gama a yayyafa shi a rairayin rumfar, kowa ya samu inda zai miƙe ƙafa.

Wata Asabar bayan azahar, ƙanin mijina yana tsugune gaban robar yana kwara wa yaron ruwa a ka, yaron na ƙyaƙyatawa yana cewa, "Baba, ƙara!" Na shiga ɗaki ɗauko tawul, sai na tarar da mai gidan tsaye bayan labule, ya ɗage gefensa da yatsa yana kallonsu. Da ya gan ni ya saki labulen, ya hau laluben jakarsa.

Na ce, "Me ya ɓace?"

Ya ajiye jakar. Can ya ce, "An ce in an koma lakwal bayan damina, Tarka za a kai ni. Can kam sai wata-wata zan riƙa zuwa." Sannan ya ce, "Yaron nan fa bai san ni ba."

Tausayinsa ya kama ni. Ni kuma haka Allah ya yi ni, in na ji tausayi faɗa nake yi. Na ce, "To ina zai san ka, a mafarki? Kullum ka shigo fuska a ɗaure kamar jandarma, me yaro zai yi da kai?" Ya ce in rage murya, Inna na ji. Na ce ta ji mana. Amma dai na rage.

Allah ya taimake ni, a lokacin ƙurajen zafi sun feso wa yaron a wuya da baya. Na je wa Inna da ladabi, na ce madam ta gidan likita ta ce a riƙa fita da shi shan iska da sassafe. Madam ta faɗi wani abu mai kama da haka, ni dai na ƙara gishiri. Inna ta dube ni, ta dubi yaron, ta ce, "Iskar gidan nan ta ƙare ne?" Na ce ta daji ta fi sanyi. Ta ce, "To. A ce wa wancan ya tuƙa a hankali, kar ya yar mini da miji."

Washegari ana idar da asuba na goya yaron, na ɗauki tabarma da goran fura da ƴan goriba, muka hau bayan moton uban. Yaron ya yi ta ihu tun daga ƙofar gida har muka bar gari. Akwai wata rijiya ta makiyaya a cikin kwari, hanyar Ollelewa, da manyan gawo a gefenta. Gawo kuwa da bazara yake da ganye, inuwarsa har sanyi take. Fulani da Buzaye suna jan guga da jakai suna zubawa a komi, garke na zuwa garke na tafiya, ruwan da ke malala ya jiƙe rairayin wurin ya yi luƙui. Da yaron ya ga raƙuma kuka ya tsaya, ya buɗe baki.

Ni na zata da mun bar idon gida shi ke nan. Ina! Mutumin nan ya kafe moto, ya tsaya can nesa hannuwa a baya, yana waige gabas yana waige yamma. Na ce, "Wa kake jin kunya a nan, raƙumi?" Sai ya tako a hankali, ya sunkuya gaban yaron ya ce masa, "Ina kwana?" Wallahi haka ya ce, kamar ya je gai da direktan lakwal. Yaron ya shige cikin zanena. Wata tsohuwar Bafulatana da ke wanke ƙwarya kusa da mu ta yi dariya, ta tambaye ni ko baƙonmu ne. Mai gidan ya ji ta. Muka komo gida raina a ɓace, ban ma san da wa nake fushi ba.

Da Asabar ta zagayo na ce masa, "Yau kar ka je wajensa. Ka zauna ka yi harkarka, kai ba yaro ka taɓa yi ba?" Ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya zauna dirshan a jiƙaƙƙen rairayi. Ya miƙe ƙafa ɗaya, ya tara rairayi a kanta, ya daddaɓe da tafin hannu, sannan ya zare ƙafar a hankali. Ga ɗaki da ƙofarsa. Ya yi wani kusa da shi, ya kakkafa tsinke ya yi danga, ya tsinto kashin awaki ya jera a ciki ya ce garkensa ne. Ban san ya iya ba. Yaron yana kan cinyata yana kallo. Can ya sulale, ya yi taku biyu ya tsaya, ya waigo ni, ya ƙarasa, ya ɗaga ƙafa ya rushe ɗakin.

Uban ya ɗora hannu a ka ya ce, "Wayyo ɗakina! Ina zan kwana?"

Dariyar da yaron ya yi har jakai suka ɗaga kunne. Aka sake ginawa, ya sake rushewa. Haka suka yi ta yi har rana ta fara cizo, ni ina gefe ina gwaguyar goriba ina share ido da bakin mayafi, don daɗi ya yi mini yawa.

Daga nan duk Asabar da Lahadi muna can. Ban da ɗan man moto ba abin da muke kashewa. Ya yi masa shanu na laka da ƙahonin ƙaya, ya fere karan gero ya haɗa masa mota, ya ɗora shi a wuya ya kaɗo ƴaƴan gawo, awaki na rububi a ƙafafunsu. Wani Buzu ya riƙe wa yaron ɗan raƙumi ya shafa, ya kwana biyu yana ba Inna labari da yaren da ba mai ji. Fura kuwa da ludayi ɗaya suke sha, uban ya kurɓa ya miƙa masa. Kafin zafi ya sauko mun kama hanya. Amma muna hango gidajen Tanut sai in ga bayan mutumin ya miƙe ya sandare. A ƙofar gida ya sauka ya shige ba waige, ni kuma in tsaya a zaure in kakkaɓe wa yaron ƙafafu kafin mu shiga.

Abin da ban yi tunani ba shi ne, yaro bai san akwai uban daji da uban gida ba.

Wata Lahadi da la'asar, bazara ta kusa ƙarewa, hadari na haɗuwa a gabas yana watsewa. Gwaggon mijina ta zo daga Belbeji. Ita da Inna da tsohon nan ƙanin mahaifinsa duk suna ƙarƙashin rumfa ana ɓarar gyaɗar iri, mai gidan yana zaune a bakin tabarma kai a sunkuye. Yaron ya fito daga roba tsirara, ruwa na ɗiga. Ya dumbuzo jiƙaƙƙen rairayi hannu biyu, ya wuce kakarsa, ya wuce ni, ya je ya zuba a kan ƙafar ubansa, ya daddaɓa, ya ɗaga kai ya ce, "Baba, ɗaki."

Hannun Gwaggo ya tsaya cikin faifai. 

Mai gidan ya janye ƙafarsa, ya miƙe, ya nufi zaure. Yaron ya bi shi da gudu ya riƙe masa wando. Ina kallo ya sa hannu ya ɓamɓare ƴan yatsun nan ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ba tare da ya dube shi ba. Yaron ya tsaya tsakar gida a kan rairayi mai zafi, yana kallon bayan ubansa. Sannan ya saki kuka. Na san kukan yunwarsa, na san na barci, wannan ban taɓa jin irinsa ba. Ƙanin mijina ya zo zai ɗauke shi, ya ture shi. Ni ma ɗan farina ne, ga Gwaggo a zaune, amma na ajiye faifai na ce a raina yau sai dai a ce ƴar Damagaram ba ta da kunya. Uban kuwa ya kai ƙofar zaure ya kasa fita. Ya dafa bango ya tsaya, ya ba mu baya.

Inna ba ta ɗaga kai daga gyaɗarta ba. Ta ce, "Ke. Ce wa wancan ya zo ya ɗauki ɗansa, ya cika mana kunne."

Gwaggo ta ce, "Yaya! A gabanmu?"

Inna ta ce, "To ki juya baya."

Ita ta fara. Ta jawo faifanta ta juya ta fuskanci bango. Gwaggo ta yi tsaki ƙasa-ƙasa, ta juya. Tsohon ma ya gyara zama ya hau kallon rumbu kamar yau ya fara ganinsa. Ban isar da saƙon ba, don ya riga ya ji. Ya dawo ya sunkuya ya ɗauke shi, rigarsa ta sha ruwa da majina. Yaron ya kai masa duka a ƙirji, ya ƙara, sannan ya kwantar da kai a wuyansa yana ajiyar zuciya. Suka daɗe tsaye a tsakar gida, manya uku sun ba su baya ana ta ɓarar gyaɗa.

Gab da magariba kowa ya watse, saura ni da Inna muna kwashe ɓawo. Ba ta dube ni ba ta ce, "Can bakin rijiyar taku."

Na ce, "Wace rijiya, Inna?"

Ta ce, "Ke tafi can. Lakar da nake wankewa a kan mijina daga sama take zubowa?"

Kunya ta rufe ni. Ta ci gaba da tara ɓawo da gefen hannu. Can ta ce, "Yana dariya a can?"

Na ce, "Sosai, Inna. In ya ga raƙumi har faɗuwa yake."

Ta ce, "Ba shi ba. Wancan."

Na ce, "Yana yi, Inna. Har ƙyaƙyatawa yake."

Ta gyaɗa kai. Ta daɗe tana juya ƙwayar gyaɗa ɗaya a tafin hannunta, sannan ta ce, "Yaya muryar tasa take yanzu? Ni rabona da jin dariyarsa tun ranar da na yaye shi."