Kujerar Yaya Shauki

Duk wanda ya daɗe yana hawa tiram, jirgin ƙasan cikin gari, a Iskandariyya ya san yayana Shauki, ko bai san sunansa ba. Shi ne direban nan mai gashin baki da ke rera waƙa ƙasa-ƙasa tun daga tashar Ramli har ƙarshen layi. Mutum ne mai son waƙa kamar me, amma ranar da 'yarsa Nirmin ta ce za ta tafi Alƙahira ta zama mawaƙiyar dandamali, sai da maƙwabta suka leƙo ta taga saboda ihunsa. Ta tafi abinta. Tun daga nan gaisuwar Sallah kaɗai ke haɗa su, ita ma ta waya.

Bayan ya yi ritaya ido ya fara ba shi matsala. Abin da ya kalla kai tsaye ba ya ganinsa, sai wani baƙin tabo a tsakiya. Da gefen idon dama kawai yake gani, sai ya kau da fuska kamar mai fushi kafin ya gane ka. Ya sa ni na rantse ba zan gaya wa Nirmin ba. Girman kai dai, irin na gidanmu.

Da ƙungiyar su Nirmin ta kawo wasan kwaikwayo na waƙe-waƙe garinmu, sai ga tikiti biyu ta aiko, layin gaba, tsakiya tsaf, inda ake zaunar da manya. Na san sulhu take nema, na kuma san in aka zaunar da shi nan fitilu za su dalle shi, ba abin da zai gani.

Na yafa gyalena na nufi gidan wasan. Na ce wa mai sayar da tikiti ya canja mini zuwa can gefe, jikin bango, ta ɓangaren da Nirmin za ta tsaya.

Ya ce, "Hajiya, lafiya? Mutane rububin layin gaba suke yi."

Na ce, "To ka ba masu rububin. Ni na san idon da zan kawo."

Nirmin ta kira ni ranta a ɓace. "Gwaggo Fatahiyya, kunyata yake ji ne, har zai ɓuya a lungu?"

"Ke dai ki yi waƙarki," na ce. Wallahi bakina ƙaiƙayi yake yi, amma rantsuwa ta riƙe ni.

Ranar wasa bayan la'asar Shauki ya sha kwat ɗinsa mai ruwan toka, ya yi ta mita wai na matse masa hannu kamar ɗan sanda. Muka zauna, aka ɗaga labule. Da lokacin waƙarta ya yi, ta fito ta tsaya daidai inda na lissafa. Shauki ya juya fuskarsa gaba ɗaya zuwa bango, ya saita gefen idon.

"Koren kaya ta sa," ya raɗa mini. "Fatahiyya, ina ganinta! Ta yi tsawo."

Daɗi ya kama ni, amma bai daɗe ba. Idon Nirmin ya zagayo ya same mu, ta ga ubanta ya ba ta ƙeya a gaban jama'a. Muryarta ta sarƙe, mai kaɗa garaya ya ɗago yana dubanta. Wannan kam ban hango shi ba, duk wayona.

Na mintsine shi. "Yaya, ta ɗauka juya mata baya ka yi. Za ta fashe da kuka."

Sai ya juyo ya fuskance ta sosai, ya ɗaga kai, ya kafa mata idon da ba ya ganin komai, ya ɗaga murya yadda ake yi wa manyan mawaƙa: "Allah! Allah, 'yata!"

Jama'a suka amsa da tafi. Muryarta ta dawo, ta cika ɗakin har sai da tsigar jikina ta tashi. Shi kuwa bai sake kau da fuska ba har ta gama. Ya dai matse yatsuna yana tambaya a hankali.

"Me take yi yanzu?"

"Kallonka take yi, Yaya."

"To kar ki bari kaina ya karkace."