Yadda Na Haramta Wa Kaina Kifin Yauri

Edita, lokacin da abin nan ya faru ina ɗauke da cikin fari a Yelwan Yauri, ban daɗe da gama kwalejin malamai ba, kuma ina ji da kaina. Shekarun ne wayoyin shafa suka fara shigowa garinmu, maigidana, wanda sana'arsa bandar kifi ce, ya sayo mini ɗaya. Murna kamar in taka rawa. Wata ƙawata ta saka ni a zauren mata na waya inda ake hirar lafiya da girki, kuma da yake na fi yawancinsu jin Turanci, sai na zama mai fassara. Labari na faɗowa nake juya shi Hausa tun da zafinsa, yabo ya yi ta zuba, har aka laƙaba mini likitar zaure. Wallahi sunan nan ya yi mini daɗi.

Ana nan sai wata ta turo guntun rubutu, wai bincike ya nuna kifi na ɗauke da wata guba mai bin jini da nonon uwa ta dakushe ƙwaƙwalwar jariri. Akwai adireshin cikakken labarin a ƙasa, amma ban buɗe ba, ina gudun kada wata ta riga ni. Na fassara, kuma don mata su ɗauki abin da muhimmanci na ƙara layi ɗaya daga kaina, na ce har da kifinmu na Yauri. Ranar waya ba ta huta ba, ni kuwa sai washe baki nake.

Da na haihu na tafi wankan gida wurin Inna, mahaifiyata. Na zubar da jini sosai a haihuwar, don haka Inna ta tsaya a kaina da farfesun tarwaɗa da karfasa, maigida kuma kullum sai ya aiko da mai kyau. To, ni tun saƙon nan na haramta wa kaina kifi, a gidanmu kuwa babu miyar da ba ta ga kifi ba. Na san in na yi wa Inna zancen bincike za ta ce boko ya taɓa ni, sai na koma karɓar kwano in yi godiya, tana juya baya in juye wa kyanwa. Kyanwar nan ta yi ɓul-ɓul, ni kuwa ina cin gayan tuwo da kunu, ina jin ni jaruma ce mai ceton ƙwaƙwalwar ɗanta.

Kafin arba'in zani ya daina zama a ƙuguna, jiri ya zama abokin tafiya. Wata safiya na fito daga wanka, na ɗauki yaron, sai na ga tsakar gida na juyawa. Na farfaɗo a ƙasa, Inna na rungume da shi tana salati. Allah ya sa a kan katifar da aka shanya ya faɗa.

A asibiti aka ce jinina ya yi ƙasa ƙwarai. Ma'aikaciyar jinya ta tambayi abin da nake ci, na faɗa mata gaskiya, ta nemi in nuna mata binciken. A gabanta na buɗe adireshin nan karon farko. Sai ga hoton wani ƙaton kifin teku mai dogon baki, irin wanda ban taɓa gani a bakin ruwanmu ba. Labarin kansa cewa ya yi masu ciki su guji irin waɗannan manyan na teku, amma su ci sauran kifi domin yana da amfani ga uwa da jariri. Wato abin da na yaɗa kishiyar abin da aka rubuta ne. Inna ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi ashe shi ya sa kyanwarta ta fi mai jego kyan gani. A ranar na cinye kwanon farfesu har da suɗe hannu, ina ci ina dariya ina hawaye.

Na koma zauren na warware maganata, na ba da haƙuri. Kaɗan ne suka kula, gyara ba ya gudu kamar tsoratarwa. Tun daga nan ba na tura komai sai na karanta shi har ƙarshe, na san wa ya faɗa, a kan su wa aka yi binciken, kuma a wace ƙasa. In ya shafi jiki, ina tambayar masu aikin lafiya tukuna. 'Yan'uwa mata, don Allah ku yi haka, kuma kada ku ƙara wa labari gishiri ko da nufinku alheri ne.

Yarona yanzu ya girma, kansa na ja sosai. Amma kwanan baya ƙanwata da ke aure a Ngaski, mai tsohon ciki, ta turo mini wani saƙo a tsorace, tana tambaya ko gaskiya ne, domin ita har ta daina cin kifi. Na buɗe, sai ga fassarata, ba a canza ko kalma ɗaya ba, har da layin nan da na ƙara da hannuna.