Wanda Aka Bayar

Har yau in na ji ƙanshin sabuwar zana da rana ta gasa, sai ƙeyata ta sage. Kada ka yi dariya, tsoho ne ke magana, wanda bokonsa bai wuce rubuta suna a karkace ba.

Zamanin Nasara ne. Wata bazara da zafi ya hana ko ƙadangare fitowa, sanƙarau ya shigo Wurno. Aka kafa rumfunan zana bayan gari, aka ce duk mai ciwo a kai shi can. Mai kula da wurin wani malamin asibiti ne, Kirista, kuma ana ta raɗe-raɗin wanda ya shiga hannunsa, in bai rasa rai ba, zai rasa salla.

Mu biyu ciwon ya kwantar a gidanmu, ni da yayana. Shi mai ladabi ne, ya kusa sauke Alƙur'ani. Ni kuwa babu gonar albasar da ban sani ba a fadama, babu kuma mai gonar da bulalarsa ba ta san bayana ba. Da dogari ya tsaya a zaure ya ce an ji nishi a gidan nan, kaka ta sa aka ɓoye yayana cikin rumbu. Sannan ta dube ni.

"Ku ba su wanga," in ji ta. "Mi za su ɓata ga wanda ya riga ya ɓaci?"

A rumfa malamin yakan tallabe kaina ya ɗura mini ƙwaya da ruwa, ni ina cizon yatsunsa. Da na fara gane mutane, na tambaye shi wane aljani ya murɗe mini wuya. Sai ya ɓare albasa, ya ɗago siririyar fatar nan.

"Ƙwaƙwalwarka ma tana da irin wannan mayafi, ɗana. Shi ne ya kumbura."

Kafin ya ba kowa magani, sai ya rufe ido ya yi addu'a da sunan Yesu. Ni kuwa ina buɗe nawa, ina gadin sallar da dama ban cika yi ba. Bai taɓa ta ba.

Na koma gida da ƙafata, kunne ɗaya ya mutu. Na tarar da tabarmin zaman makoki a ƙofar gida. Yayana ya rasu a ɓoye, rubutun shansa na gefensa.

Daga ranar kaka ba ta sake yi mini faɗa ba. Furata ta fi ta kowa nono, ta ajiye ta wuce ba ta dubana. Nakan shanye tas, don ni ba mai barin ƙwarya ba ne.

Yanzu asibiti ya zo har unguwa, allurar rigakafi har zaure. In masu allura suka zo, ni ke jero jikokina, kuma mafi natsuwarsu nake fara turawa gaba. Mutane na ce mini, "Baba, Allah ya yi maka tsawon rai." Nakan ce amin, in sunkuyar da kai. Rashin kunya ta cece ni, yayana kuwa ƙauna ta kai shi rumbu.